Katin Zaman da Ba a Zama

Masu karatu, ku matso kusa, yau da zafina na zo. Ku da ke turo mani saƙo kuna cewa Rashida kin cika zargi, ki bar bawan Allah ya so ki, ku daure ku karanta wannan har ƙarshe sannan ku dawo mu yi magana. Wanda kuma yau ya fara cin karo da ni, sannu da zuwa. Ni ce Rashida ɗiyar Malam Na Allah ta Tasawa, shekarata ashirin da huɗu, sana'ata zanen surfani. Ba da allura nike yi ba. Bisa ordinatar, wato kwamfuta, nike zana furen wuyan riga da na bakin hannu, in tura ma tela ta waya, shi kuma ya ba injinsa ya ɗinke bisa shadda. Telolina suna Maraɗi da Damagaram da Kano, yawancinsu ban taɓa ganin fuskarsu ba.

Cikin masu sayen zanena akwai Madam Safa, 'yar garin Maijirgi ce da ke zaune ƙasar Beljik tana da butikin ɗinki. Ita ta jawo mani wannan magana. Ta ce wasu manyan shaguna uku can sun ga aikina sun yaba, amma ba su hulɗa sai da mai kamfani mai rajista a ɓangarensu. Ta ce akwai wata 'yar ƙaramar ƙasa a Turai da ke ba baƙo wani kati, e-résidence suke ce mashi. Da shi kina zaune ɗakinki za ki buɗe kamfani can, ki sa hannu bisa takardu ta intanet, ki tafiyar da komi ba ki taka ƙasarsu ba. Ta ja mani kunne tun ranar cewa ba biza ba ce, ba ya shigar da kowa jirgi. Na duba shafin da kaina, haka suka rubuta ɓaro-ɓaro.

Wata biyu ina juya abin a raina. Sau biyu ina cika dosiyen, wato takardun neman katin, har shafin ƙarshe in rufe ordinatar in tashi. In na tuna shagunan nan sai in ji kamar in danna. Sai kuma in tuna inda nike. Kuran ɗinmu, wato lantarki, in ya tafi tun hantsi ba ya dawowa sai ya ga dama. Rezo kuwa, wato sabis ɗin waya, akwai ranar da sai na hau bisa turmin Inna a tsakar gida sannan zane ɗaya ke tafiya. Katin ma in sun yarda sun ba ni, don ba kowa suke ba ba, sai na je wani ofishin jakadanci a wata ƙasa na dangwala yatsu kafin in amsa. Sai na ɗauki wanda zai riƙe mani adireshi can, kuma duk shekara akwai takardun da kamfani zai cika, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Telolina na nan kuwa ba ruwansu da wani kamfani, zane suke so ya fito da kyau. To don shago uku da ban ma ji muryarsu ba zan ɗauko ma kaina wannan kaya? Wannan ita ce tambayar da ta hana ni sakat, kuma ni kaɗai nike fama da abata, har ranar da bakina ya ja mani.

Biki muka je Mayahi, garin da Gwaggo Zara'u, ƙanwar Baba, ke aure. Ana tsakiyar hidima ta iske ni a lungu ina latsa waya, ta ce wai mi nike nema cikin abin nan da ko biki ba ya raba ni da shi. Da na yi shiru da na huta. Sai na tsaya neman Hausar résidence, na ce mata katin zama nike tunanin nema.

"Zama ina?"

"Na wata ƙasa a Turai, amma..."

Nan aka fito da amarya, guɗa ta tashi, Gwaggo ta ja gyalenta ta yi gaba. Wannan "amma" tawa har yau tana can ƙofar gidan bikin, ba wanda ya ɗauke ta.

Kwana tara bayan nan Muzammil ya turo mani saƙo.

Ku tsaya in gaya maku waye Muzammil. Mushe ne, wato malamin boko, yana koyarwa a wata lakwal, makarantar ƙauye kusa da Mayahi, gidansu na bayan gidan Gwaggo. Shekara biyu da sanin juna. A shekara biyun nan abin da ke haɗa mu bai wuce "ƙanwata ina kwana" in na je garin ba, sai kuma hoton barka da Salla mai rago da furanni, wanda kowa ya san mutum ɗari aka tura mawa. Sai ga shi ranar wata Talata da safe: "Bonjour ma reine. Na yi mafarkinki." Wai ni ce ma reine, sarauniyarsa. Na duba lambar sau biyu. Na ce ko dai rezo ne ya karkato da saƙon wata.

Daga nan abin ya zama kullum. Wokal, wato saƙon murya, da safe, wokal in an tashi lakwal, hotonsa gaban allo riƙe da alli. Ranar Lahadi ya zo bisa moto, wato babur, tun daga Mayahi, shadda fara ƙal duk da yashin hanya, hula zanna, turarensa ya riga shi shigowa zaure. Ya kawo ma Inna kilishi, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba. Kuma ba zan yi maku ƙarya ba, mutumin ya iya magana, yana da dariya mai sa ka dariya ko ba ka ji abin da aka ce ba. Ya zauna ya kalli zanena ɗaya bayan ɗaya, har ya gane wanda na kwaikwayo daga ganyen zogale ba tare da na faɗa ba. Ban taɓa samun namijin da ya kalli aikina haka ba. Na fara son shi, wannan gaskiya ce, na faɗa kowa ya ji.

Sai dai akwai abu ɗaya. Duk hirar da za mu yi, ko ta waya ko a zaure, kafin mu rabu sai ya sako ta: "Ya maganar dosiye?" Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni na gaya mashi, ya yi mani sannu sau uku, ya ce in sha magani, sannan ya ce to dosiyen dai kada in bari ya yi sanyi. Na aje wayar na bi ta da kallo. Sau biyu ina ɗauko bayanin katin, in ce mashi ka gane fa ba na tafiya ba ne, sai ya tare ni da "Mais oui, na sani, e-résidence, ai na karanta", ya sako wata hira. Mutumin da ke koya ma yara Faransanci, in ce bai gane ba? To in ya gane, mi ya dame shi da dosiyen da ba sunansa ciki? Haka nike kwana in tashi da tambayoyin nan.

A gida kuwa ba mai lokacin tambayoyina. Inna ta fara jiƙa mani su dabino da aya, tana ta murmushi ita kaɗai in tana tankaɗe. Baba ya ce ya bincika, yaron ɗan mutunci ne, ya ba manyan yaron ranar Juma'ar sati mai zuwa su zo neman aure. Ba wanda ya tilasta mani, Baba ya kira ni ya tambaye ni na sunkuyar da kai. Amma tun da aka sa ranar, duk wanda ya shigo gidan sai ya dube ni da wani irin ido, wata maƙwabciyarmu har da cewa kada in manta da su in na haye.

Ranar Laraba Gwaggo Zara'u ta zo Tasawa. Na ja ta ɗakina, na rufe ƙofa, na zaunar da ita bakin katifa na ida mata "amma" ɗin nan tun daga tushe. Na ce katin na aiki ne kurum, mai shi ko filin jirginsu ba zai wuce ba sai da biza kamar kowa, kuma ni ban ma yanke shawarar nema ba. Ta saurare ni tana murza zoben azurfarta. Na zaci za ta yi salati. Sai ta tambaye ni wa na gaya mawa bayan ita. Na ce ba kowa, Muzammil ma bai tsaya ya ji ba.

"To ki bar shi nan ɗakin," in ji ta. "Ke kika ce ma wani za ki kai shi Turai? Ba ki ce ba. A ɗaura aure tukuna. Namiji in ya ga ɗaki ya ga tuwo, mantawa yake da jirgi."

Na ce Gwaggo, ke kika baza maganar nan a Mayahi ko? Ta ce ita mutum biyu kaɗai ta gaya mawa, kuma alheri ta faɗa, ba sharri ba. Ta ƙara da cewa shekara ashirin da huɗu ba wasa ba ce, sa'o'ina har sun yaye na biyu, in na kori wannan da surutun ordinatar ita ba ruwanta. Kafin ta tafi ta ce lalle ranar Asabar in zo Mayahi, yayar Muzammil ta haihu za a yi suna, ya kamata dangin su gan ni.

Na je. Na sa leshina ruwan ƙasa mai surfanin da na zana da kaina, gyale ruwan madara, na yi lalle iya yatsu. Motar safe na shiga, na sauka gidan Gwaggo, muka ƙarasa tare. Tun daga ƙofa na san akwai magana. Wata ta ce ga 'yar Turai ta iso, wata ta ja mani kujerar roba alhali manyan mata na bisa tabarma. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta ce ɗanta na Agadas shekara uku yana neman hanya, ko zan sa shi cikin takardata. Na buɗe baki, Gwaggo ta taka mani ƙafa.

Bayan an ci shinkafa, mahaifiyar Muzammil, Hajiya Zainab, ta yafuto ni. Mace ce 'yar siririya mai sanyin murya, irin wadda in ta yi maka magana sai ka ji kunyar ɗaga ido. Ta kai ni ɗakinta ta saki labule, ta jawo wata sabuwar akwati daga ƙarƙashin gado ta buɗe. Rigunan sanyi ne guda biyu masu kauri, na gwanjo amma an wanke an goge, da safar hannu, da hular ulu. A gefe ga ƙullin kuka, ga daddawa, ga yaji a cikin gwangwanin madara an naɗe bakinsa da leda. Ta ce tun da ta ji labari take tarawa kaɗan-kaɗan, don an ce can ko kuka babu. Ta ce Muzammil ƙirjinsa ba ya son sanyi tun yana yaro, in riƙa lura. Ta ce ya riga ya kai ma diraktan lakwal ɗinsu takardar aje aiki, ƙarshen wata zai bar lakwal don ya ji da maganar fasfo.

Sai ta kama hannuna biyu, idonta ya kawo ruwa.

"Ɗiyata, abu ɗaya nike roƙonki. In kun je, ki riƙa sa shi yana kirana ko ranar Juma'a ce. Shi mai mantuwa ne."

Jama'a, ban san sadda na durƙusa ba. Kunya da tausayi suka rufe ni, da haushin kaina, da haushin Gwaggo, da wani tsoro da ya fi su duka. Matar nan ba ta yi mani komi ba, ga ta tana kukan rabuwa da ɗan da ba inda za shi. Aikin da yake ci da ita kuma ya aje saboda kalma ɗaya da na fassara a gurguje. Ban iya ce mata komi ba sai "in sha Allahu, Hajiya". Na tashi na fito.

Na tura mashi saƙo: "Ka same ni gindin icen bedin bayan gida. Yanzu." Bayan la'asar ce, maza na can ƙofar gida ana shan shayi. Ya zo yana murmushi, shadda ruwan toka, yana tambaya ko an ba ni naman suna. Na buɗo shafin katin a wayata, wurin da suka rubuta da Faransanci cewa ba ya ba mutum izinin shiga ƙasar ko zama cikinta, na miƙa mashi na ce ya karanta da ƙarfi, yadda yake sa yaransa.

Ya fara da dariya. Ya kai rabin layi dariyar ta tsaya. Ya koma farko, wannan karon da yatsa yake bin kalmomin. Nan na gane bai taɓa buɗe shafin ba. Résidence kurum ya ji, ya ɗauka ya gama sani, girman kai na mushe kuma ya hana shi tsayawa in yi mashi bayani.

"Amma in aka buɗe kamfanin," ya ce, "ai bizar za ta zo da sauƙi?"

"Ba su yi ma kowa alkawari ba. Kuma ni ba tafiya nike nema ba, Muzammil. Ɗakina nike so in zauna in yi aikina."

Na gaya mashi sauran duka. Na ce ban tura dosiyen ba, kuma yadda na auna, bana ba zan tura ba. Sai na ga shagunan nan sun fara sayen zanena ta hannun Madam Safa, na ga abin ya tsaya da ƙafarsa, sannan in san ko katin ya dace da ni. Na ce ya koma wurin dirakta tun takardar ba ta wuce gaba ba. Na ce ya shiga ya gaya ma Hajiya da bakinsa, don ni ba zan iya sake kallon akwatin nan ba. Sannan na yi tambayar da ta kawo ni, na ce Juma'a fa?

Ya maido mani wayar. Ya ciro hankici ya share wuya. Ya yi murmushin nan nasa, sai dai bai kai ido ba.

"Haba ma reine. Ni ke nike so, ba kati ba. Juma'a na nan."

Wallahi na so in yarda. Har na fara ce ma kaina Rashida kin ga, zarginki ne kawai. Amma bai raka ni tasha ba. Ya ce baƙi na jiran shi, ya juya da sauri har yana tuntuɓe da saiwar bedin. Gwaggo kuwa da na je sallama ta dubi fuskata sau ɗaya ta ce, kin faɗa ko? Na ce na faɗa. Ta ce Allah ya kyauta, ta ci gaba da ƙulla cincin a leda ba ta sake kallona ba.

Motar ƙarshe mai zuwa Tasawa na samu, saura mutum biyu ta cika. Na shiga baya na matse jikin taga. Wani dattijo a gidan gaba, mai farin gemu da rawani ruwan goro, ya waiwayo ya dube ni ya ce, ba ke ce ɗiyar Malam Na Allah ba? Na gaida shi. Ya ce shi ne Baffa Danda, yayan mahaifin Muzammil, shi zai jagoranci masu zuwa gidanmu ranar Juma'a. Ya ce sulalewa ya yi daga wurin sunan ba wanda ya sani, don in mata suka ji za shi Tasawa sai sun cika shi da saƙon kasuwa. Zai kwana gidan wani amininsa, gobe Lahadi da sassafe ya zaɓi goron neman auren da hannunsa, don shi ba ya yarda a zaɓar mashi goro. Dattijon nan lafiyarsa lau, har gardama yake da direba a kan hanyar da ta fi ƙarancin yashi, yana ɓantarar rake yana miƙo ma na baya.

Mun wuce gonakin bakin gari, rana ta yi ja, sai wayata ta yi ƙara. Muzammil ne. Ba wokal ba wannan karon, rubutu ne, ba "ma reine" a kansa.

"Rashida, don Allah ki gaya ma Baba a ɗaga maganar Juma'a tukuna. Baffa Danda ne ya yanke jiki ya faɗi yanzun nan, ga mu za mu kai shi likita Maraɗi. Sai yadda hali ya yi."

Na karanta. Na ɗaga kai na dubi ƙeyar Baffa Danda da rawaninsa. Na sake karantawa. Hawaye suka zubo mani, na ja gyale na rufe rabin fuskata kada matar da ke kusa da ni ta gani. Ba ƙaryar ce ta fi yi mani ciwo ba, saurin da ya yi ne. Ko sallar magariba bai bari an yi ba.

Daidai nan Baffa ya sake waiwayowa, fuskarsa cike da fara'a.

"Ɗiyata, gara in tambaye ki tun muna tare. Baban naki, farin goro ya fi so ko ja?"